Ƙofa Ba Ta Karanta Zuciya

Merv Hrycak marowaci ne, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Ba kuɗi yake yi wa rowa ba, ɗumi ne. Tun da sauran gashi a kansa yake tuƙa jirgin ƙasa na cikin gari, layin da ke tsallaka gada ya bi ta asibiti, kuma da zarar dusar ƙanƙara ta fara sauka sai ya riƙe zafin taragonsa kamar gadon ubansa.

Dokar lokacin sanyi kowa ya san ta. Direba ba ya buɗe ƙofofi duka a tasha, sakin su kawai yake yi, maɓalli ya kawo koriyar wuta, mai shiga ya danna da kansa. Sauran direbobi in sun hango tsohuwa da kaya niƙi-niƙi sukan buɗe mata daga gaba. Ban da Merv. Yana kallon mutum ta madubi, sai ya kunna lasifika ya ce, "Jama'a, ƙofa ba ta karanta zuciya." Ya ja jirginsa ya yi gaba.

Na ciki suna yabonsa, don har hula ake cirewa a taragonsa. Na waje kuwa, addu'ar da suke yi masa ba ta rubutuwa. Matarsa Olga ta ce a gida ma haka yake, karensu sai da ya koyi riƙe fitsari, don ba a buɗe masa ƙofa ya fita.

Bayan ya yi ritaya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe masa hannun dama, na hagu kuma ya koma riƙon sanda. Asibiti suka sa shi layin masu zuwa a gasa musu hannu, suka ja masa kunne: wanda ya makara, a ba wani gurbinsa, shi kuma ya jira bazara.

Ranar da zai fara zuwa, iska na yanka fuska kamar reza. Jirgi ya tsaya, wuta ta yi kore, ƙanƙara ta daskare a kan maɓallin. Ya gwada da gwiwar hannu, ya zame. Ya ɗaga sanda, saura ƙiris ya kifa. A gaba Shauna ce zaune, wadda shi ya koya wa tuƙi. Ba ta gane shi ba cikin mayafin wuya, amma karatun malaminta bai zube ba. Lasifika ta yi ƙara: "Jama'a, ƙofa ba ta karanta zuciya."

Yana tsaye yana kallon bayan jirgin sai ga Bernadette Lachance, mai wankin zannuwa a asibitin, wadda ya sha bari a wannan tashar da kwandon kaya a hannu. Ta leƙa fuskarsa.

"A'a! Ranka ya daɗe, sarkin ƙofa! Yau kai ne a waje?"

"Ban san ki ba, baiwar Allah."

"Ina za ka san ni? A madubi ka saba ganina, ina ƙanƙancewa."

"Doka na bi."

"Doka ce ta sa ka ɗaga mini hannu kana murmushi? Yatsan ƙafata guda yana wajenka, dattijo. Sanyi ya kashe shi, likita ya yanke."

Merv ya yi kamar bai ji ba. Majina ta daskare masa a gashin baki. In wannan jirgin mai zuwa ya wuce, maganin hannunsa sai bazara ke nan.

Jirgin ya iso, wuta ta yi kore. Bernadette ta cusa hannuwanta cikin aljihu, ta ɗaga kai tana nazarin sama kamar mai jiran tsuntsu.

"Ba za ki shiga ba?"

"Ni yau hutu nake. Iska na fito sha."

Ya dubi maɓallin, ya dubi hannunsa da ke reto. Ƙararrawar tashi ta fara kaɗawa.

"Madam," ya ce, "don girman Allah danna mini."

Ta danna da yatsa ɗaya. Ya ja ƙafa ya shige, ɗumi ya buge shi, ya juyo ya gan ta tsaye a bakin ƙofa tana gyara jaka, wasu mutum biyu kuma suna rugowa daga nesa.

"To shigo mana ta rufe!" in ji Merv. "Kuma don Allah kada wanda ya sake taɓa ta, zafi na fita."