Ranar da Jirgin Yaƙin Amurka Ya Ratsa Isma'iliyya

Daga unguwar Ainu Shams, Alƙahira

Mun bar masauki tun kafin kiran assalatu, ni da Alhaji Issufu, mutumin Maraɗi mai sarin kaya a Bur Sa'id. Shi ya kawo labarin cewa wani jirgin ruwan yaƙin Amurka, irin mai ɗauke da jiragen sama a bayansa, yana jiran izinin ratsa mashigin Suwais.

Karatuna na tarihi a kan ƙasaitar Amurka na yi shi: yadda ta ƙwace Filifin daga hannun Sifaniya, ta haƙa mashigin Panama, ta fito daga yaƙe-yaƙen duniya biyu da ƙarfinta, har ta tilasta wa Ingila da Faransa janyewa daga mashigin Suwais. Amma duk a takarda na san su. Saura mako guda in koma Katsina koyarwa, kuma ba na son in tsaya gaban ɗalibai ina siffanta abin da idona bai gani ba.

A tasha muka karya da ful da ta'amiyya, wato dafaffen wake da irin ƙosansu, muka shiga fijo. Direban, Usɗa Ramadan, ya ɗauki hanyar hamada kamar ana binsa bashin rai. Na tambaye shi nisan tafiyar.

"Kusa ne, ya ustaz."

"Kusa kamar kilomita nawa?"

"Mutumin naka likitan hanya ne?" ya tambayi Alhaji. Motar ta kwashe da dariya, har da ni, domin murna ta cika ni.

Shingen Isma'iliyya

Da hantsi muka iso shingen sojoji, inda har yanzu ake ganin gidajen da yaƙi ya rusa. Soja ya duba fasfo ya mayar mana. Da na yi shiru da mun wuce. Amma labarin Alhaji jita-jitar kasuwa ne, ni kuwa ina son tabbaci. Sai na leƙa, cikin Larabcin littafi mai ladabi, na ce: "Don Allah, ƙarfe nawa jirgin yaƙin zai iso, kuma nawa ne tsawonsa?"

Alhaji ya dafe kai. "Malam Sani, ka kashe mu."

Aka sauke mu, fijo ta tafi. Aka karɓe fasfo, aka zaunar da mu a wani ɗaki da ko taga babu.

"Ni shekara da shekaru ina bin hanyar nan, ko sunan soja ban taɓa tambaya ba," in ji Alhaji. "Kai rana ɗaya kana son ka auna jirgin Amurka. Da igiya ka zo?"

Kunnena yana waje, ina tsoron jirgin ya wuce ina bayan bango.

Can wajen azahar wani hafsa mai furfura ya shigo. "Wa ya aiko ka?"

"Babu kowa, ya fandim, ranka ya daɗe. Malamin tarihi ne ni." Na shiga zayyana masa tarihin Amurka tun daga Filifin. Ina kaiwa Panama ya ɗaga hannu.

"Khalas, ya isa. Ɗan leƙen asiri ba ya surutu haka." Ya dube ni. "Na yi yaƙi a wancan ƙetaren, a Sina'i. Makaman da suka kashe abokaina daga ƙasar masu jirgin nan suka fito. Yau kuma ni aka ce in yi gadinsa. Wannan yana cikin littafinka?"

"Babu."

"To ka sa. Yalla, ku biyo ni."

A kan soro

Ya hau da mu rufin ginin. Daga nan ba a ganin ruwan sosai, saboda haka sai ga wani gari mai launin toka yana tafiya a cikin rairayi, a hankali, babu ƙara. Jiragen sama jere a bayansa da fukafukai a naɗe, matuƙa cikin fararen kaya sun yi sahu a gefe kamar tururuwa. Alhaji sai salati yake yi. Hafsan bai kalli jirgin ba, gaɓar Sina'i yake kallo har jirgin ya shige.

Komawa

Aka mayar mana da fasfo, aka tsayar mana da motar mangwaro, muka isa Alƙahira bayan magariba lafiya. Tsawon jirgin ba zan rubuta muku ba, domin ban auna ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Alhaji Issufu da ya rantse ba zai sake tafiya da ni ba, da kuma hafsan nan. Sunansa ban tambaya ba. Tambayoyin da na yi a ranar sun isa.