Mai Barin Gwaiduwa

Kullum da safe wani saurayi yana tsaye a teburin waken Ammu Shahata, nan unguwar Shubra. Kafaɗunsa sun cika riga, ciki kuwa shafe kamar an bi da dutsen guga. Yana ɓare dafaffen ƙwai a nitse, ya cinye farin, ya jera gwaiduwar a gefe. Ina jin ya taɓa yin teɓa, don ko kallon burodi ba ya yi.

Ni da likita ya ce in rage tumbi ko in rage kwana, ina gefensa ina tsuke ciki.

"Bismillah, Alhaji," ya turo mini farantin. "Kar a yi asara."

Ina ni ina ƙin tayi? Tun bazara yake gina jikinsa, yana gina nawa.