Jan Fenti a Bangon Yaya

In ka ga wani ɗan gajeren dattijo a kan tsohon keke, gwangwanin fenti na lilo a gabansa, burushi a soke a aljihu kamar biro, to shi ne Mai Ja. Aikinsa a hukumar tsara birni guda ne tak. Masu awo su auna, su ce ginin nan ya ci hanya ko ya hau magudanar ruwa, shi kuma ya je ya ja wa bangon jan layi biyu a gicciye, alamar za a rushe.

Kai, aiki ne na baƙin jini! Abokan aikinsa sukan shafa su arce tun kafin masu gida su farga. Shi kam Allah ya kiyaye. Sai ya jingine keke, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali, ya faɗi abin da ya kawo shi. In ruwa aka ba shi ya sha, in zagi ne ya shanye, sannan ya ce, "To, zan shafa." Matarsa takan yi masa tsiya wajen wanki: "Kai kaɗai na sani da ke neman izini kafin ya ɓata wa mutum rai. Dubi rigunanka, duk sun yi ƙyanda!"

Da ruwan sama ya cinye wata unguwa, hukuma ta ce a buɗe magudanar da aka toshe da gine-gine. A cikinsu har da ɗakin ɗinkin yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da keken ɗinkin da ke ɗakin ta ciyar da shi, a ƙarƙashin teburin yankan yadi ya yi barcin ƙuruciyarsa. Yaya kuwa ba ta iya fushi kaɗan ba, in ta ɗauke wa mutum kai, sai dai wani ikon Allah. Abin da ya hana shi sukuni ke nan: kada ya shafa fenti ya rasa Yaya.

Ogansa ya tausaya masa, ya ce bari a tura wani.

"A'a, ranka ya daɗe," in ji shi. "Wani zai watsa mata ya gudu, ta fito ta gani kamar an yi mata sata."

Da ya isa ɗakin Yaya, ya ɓoye gwangwanin a bayan kwanar layin, ya shiga ya durƙusa. Ya gaishe ta, ya tambayi yara, ya tambayi ciwon gwiwa, ya sake komowa kan yara. Yaya tana ta taka keke, ko kallo bai ishe ta ba.

"Auta, gaisuwa ta ƙare. Ina gwangwanin?"

"Yaya..."

"Duk layin nan ka bi ka shafa, ko ce maka aka yi ba ni da ido? Tashi ka ɗauko, ka tsaya kana mini inda-inda."

Ya ɗauko. Suka tsaya a gaban bangon, maƙwabta sun yi cirko-cirko. Mutumin da ya tsufa yana wannan aiki, sai ga shi riƙe da burushi ya kasa kai shi bango, fenti na ɗiga a kan takalminsa, hawaye sun cika masa ido. Wallahi abin tausayi.

Yaya ta yi tsaki, ta fizge burushin.

"Kawo nan, ragon banza. Ba za a ce ka tsallake ni don ni yayarka ce ba, kuma ba za a ce ƙanena ne ya shafa wa ɗakina ja ba."

Ta ja layi ɗaya, ta gicciya ɗayan, a miƙe sambal kamar da alli ta zana a kan yadi. Ta daɗe tana kallon bangon, ta goge ido da bakin mayafi.

"Ranar da masu rushewa za su zo, ka riga su zuwa, ɗaukar kan keken ɗinkin nan ya fi ƙarfina." Ta dube shi sama da ƙasa. "Aljihunka ma ya yage, burushin nan ne. Cire rigar ka ba ni, tun ɗakin yana tsaye."