Sahdan da Goɗiyarsa Layang

A garinmu, Masbagik, da zarar mutum ya haihu sai sunansa ya ɓace, a koma kiransa baban wane. Sahdan bai haihu ba. Har ya kai hamsin ana kiransa da sunan yanka kamar saurayi, sai ranar da matan kasuwa suka laƙa masa Amak Layang, wato baban Layang. Layang kuwa goɗiya ce, ja, 'yar mitsitsiya irin ta tsibirin Sumbawa, gadon bayanta da kyar ya wuce cibiyar mutum. Ina wurin ranar. Na ga ya sunkuya yana ɓoye murmushi cikin gezarta.

Shekara goma sha ɗaya ina hawa keken dokinsa zuwa kasuwa, ni da kwandunan barkono da mata masu hayaniya. Ban taɓa ganin bulala a hannunsa ba. Linzami kawai yake girgizawa, ƙararrawar wuyanta ta amsa, hanya ta shiga gudana a ƙarƙashinmu. Bayan azahar ya kai ta rafi, ya cuɗe ta da ɓawon kwakwa har ta yi sheƙi kamar sabon jan ƙarfe. Abincinta ciyawa ne, sai dusar shinkafa ƙoƙon kwakwa ɗaya, ba ƙari. Shi ya koya mini cewa ƙaramin doki cikinsa ba ya sanin ya ƙoshi.

A rafin nan ya zame kan dutse wata damina, ƙafarsa ta karye. Mai ɗori ya ce wata biyu a kwance. Doki kuwa ba ya zama haka nan, don haka matarsa Nurmin ta roƙi maƙwabcinsu Mahsun, mai gyaran kofato, ya riƙa fita da Layang. Mahsun mutum ne mai yawan fito da baki. Yana ɗaura mata keke yana fito, yana wanke ta yana fito.

Daga kan gadon gora a baranda Sahdan yake kallo. Haka aka yi sati uku. Sai wata safiya Mahsun ya yi fito tun daga bakin hanya, Layang ta ɗaga kai ta yi haniniya, irin siririyar nan da Sahdan ya ɗauka shi kaɗai ake yi wa. Na je duba shi da hantsi na tarar shinkafarsa ta huce a kwano. Bai tambaye ni kasuwa ba. Tambayarsa ɗaya, ko tana juyo kunne idan Mahsun ya yi magana.

Wata mai kifi ta ƙarasa ɓarnar. Ta leƙo ta shinge tana dariya ta ce, "Amak Layang, ashe 'yar taka ta yi sabon uba? Wannan har waƙa yake mata."

Washegari Sahdan ya dogara sanda ya karɓi ragama daga hannun Mahsun, ya ce an gode, ta huta haka nan. Ya mayar da ita bargar bayan gida inda ba a hango hanya. Ba ya iya tuƙi, ba ya iya kai ta rafi. Abin da ya rage masa shi ne hannunsa da abin da ke ciki. Ƙoƙo ɗaya ya zama uku. Ya haɗa da masara, da mazarƙwaila, da ayaba nunanniya. Tana jin ƙarar sandarsa sai ta yi haniniya, shi kuma ya dube ni kamar wanda ya ci shari'a. Na tuna masa maganarsa ta cikin ƙaramin doki, ya ce in ji da abin da ke gabana.

Kafin wata ya cika wuyanta ya yi kauri, ta soma tsayawa tana miƙe ƙafafun gaba, tana jingina nauyinta baya kamar mai taka garwashi. Kofatanta suka ɗauki zafi. Nurmin ta ce a kira Mahsun. Sahdan ya ce ruwan sanyi ya isa. Kwana uku yana zuba ruwan, a na huɗu Layang ta kwanta ta ƙi tashi.

Bai aiki kowa ba. Da kansa ya ɗingisa zuwa ƙofar Mahsun.

Mahsun ya durƙusa, ya taɓa kofaton, ya leƙa kwanon dusa. Ya ce a janye komai sai busasshiyar ciyawa, a shimfiɗa mata yashi mai laushi, zai riƙa zuwa yana rage kofaton kaɗan-kaɗan. Watakila ta sake jan keke, watakila ba za ta sake ba.

"Yaya," in ji shi, "da ka ce in daina zuwa kusa da ita, ai da na daina."

"Yi aikinka," Sahdan ya ce. "Amma ban da fito."

Wata biyar Mahsun yana zuwa, bakinsa a rufe. Layang ta tashi, tana zagaya tsakar gida a hankali, amma keken yana jingine har yau, kaji na ƙwai a cikinsa. Duk zuwan da Mahsun zai yi, Sahdan na zaune a gabanta, ya rungume kanta a ƙirjinsa, ya juya fuskarta wajen bango don kada ta kalli Mahsun.