Nutso, Ba Nutsewa Ba

A bakin wani kududdufi da ke Kamazou, wani magidanci mai furfura yana tsugune, yana shafa ɗan jirgin ƙarƙashin ruwa mai siffar tarwaɗa, wanda ya ƙera da bututun roba. 'Yan kallo suna kiransa Oga Ikenna. Baƙin mai ya zauna a faratansa, shi ya sa nake zaton bakanike ne daga Kakuri, wanda ya daɗe yana gyaran injinan mutane kafin ya sami sukunin ƙera nasa.

Jirgin ba shi da farfela. Ƙaramin famfo ne yake zuƙar ruwa ta cikinsa, ya feso shi da ƙarfi ta wutsiya, sai jirgin ya yi gaba. Wata mai gasa masara tana gaya mini cewa jirginsa na farko yana kwance a ƙasan ruwan nan, leda ce ta naɗe masa farfela.

Yana sakin jirgin, yana danna na'urar da ke hannunsa. Jirgin ya sunkuya, ruwa ya rufe shi.

"Oga, wannan ma ya nutse!" in ji mai masarar, tana dariya.

Ya sake danna maɓalli. Can sai jirgin ya ɓullo daga tsakiyar ledoji, ya nufo gaɓa.

Ya miƙe, ya share hannu a wando, ya dube ta.

"Madam, ba nutsewa ya yi ba, nutso ya yi. Mai nutso yana dawowa."

Ban ga abin gyara a Hausarsa ba, balle a jirginsa.