Malama Tasalla da Sunan Ɗiyar Fari

Idan ka ga Malama Tasalla a bakin tashar Jega da sassafe, da hijabinta ruwan toka da takalmin roba, tana ciniki da ɗan kabu-kabu kamar za su daku, to aiki za ta. Yau Katanga, gobe Alelu, jibi ta nausa rugagen bayan Sarandosa, inda babur kan sauke ta ta ƙarasa da ƙafa. Aikinta neman marayun da ba sa zuwa makaranta. Wata ƙungiyar Musulmi ta ƙasar waje ce ke ɗaukar nauyinsu. Mutane ne da ba su taɓa ganin Kebbi ba, suna haɗa sadaka a masallatansu bayan Juma'a, su aiko a ɗinka wa yaranmu kayan makaranta, a saya musu littattafai. Allah Ya saka musu da alheri. Amma sadaka ba ta san hanyar ruga ba, Tasalla ce ke kai ta.

Ba ta tsaya ga sa yaro a aji ba. Ta san wanda ƙwarƙwata ta dama, ta san wanda ke zuwa da yunwa, ta san wanda zai ɓace da zarar an fara dashen albasa. Alu, wani manomi a Aliero, har yau yana ba da labarin ranar da ta faɗo gonarsa ta tarar da ɗan ƙanensa marigayi yana dashe alhali ana jarrabawa. Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta kora yaron zuwa makaranta, ta tattare zane ta shiga kunyar albasar da ya bari ta kama dashe. Alu ya ce bai taɓa jin nauyin mutum irin na ranar ba, ga shi kuma dashen nata duk a karkace.

Bana gwiwoyi suka ce sun gaji, ta ajiye aiki. Aka yi walima a Jega. Aka kira shugaban kwamitin ƙungiyar na nan gida, Alhaji Mas'ud, aka miƙa masa lambar yabo ana ta ɗaukar hoto. Ita kuwa aka zaunar da ita can bayan rumfa, aka ba ta fulas ɗin shayi. Ina wurin, kuma tun ranar raina yake a ɓace. Ni Naja'atu, malama ce a makarantar da marayun nan ke karatu, kuma akwai abin da na gani da idona wanda ba a faɗa ba a wurin walimar.

Akwai wata yarinya, Raihanatu, daga wata ruga kusa da Sarandosa. Ubanta ya rasu, shanu suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya. Tasalla ce ta tsinto ta, kuma kan yarinyar na ja ƙwarai. Shekarar da za ta shiga sakandare, ƙungiyar ta turo wata baiwar Allah ta zo ta ga yaran da idonta. Ba ta jin Hausa, don haka Alhaji Mas'ud ne tafinta. Muka ɗunguma har rugar tare da Tasalla, ni ma aka tafi da ni a matsayin malamar ajinta.

Uwar yarinyar, Uwani, ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo nono. Baƙuwar ta nuna Raihanatu ta yi tambaya, Alhaji ya juya wa Uwani: "An ce wagga ɗiyakki ta? Mi as sunanta?"

Raihanatu ɗiyar fari ce. Kowa a ƙasar nan ya san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna shi a ce nata ne, balle Bafulatana, balle a gaban maza, ga kuma surukarta Gwaggo zaune a gefe. Uwani ta ja mayafi ta kau da kai, ta ce a hankali, "Ɗiyag Gwaggo ta."

Da kunnena na ji abin da Alhaji ya gaya wa baƙuwar da Turanci. Ya ce matar ta ce ba 'yarta ba ce, 'yar wata ce, kuma ko sunanta ba ta sani ba. Na buɗe baki, ya ce ba ni aka ɗauko fassara ba. Da na raɗa wa Tasalla abin da ya faɗa, ta miƙe tsaye.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah! Kai ma ɗan hwari na. Yaushe Innakka tat taɓa kiran sunanka?"

Ya kaɗe babbar rigarsa ya ce, "Malama, ni dai abin da tac ce shi na hwaɗi."

Da baƙo ne ya yi wannan, da na ce kuskure ne. Amma mutumin da aka haifa a nan, wanda uwarsa ke ce masa "wancan yaron" har ya yi furfura, ba kuskure ya yi ba. Kafin wata ya ƙare an cire Raihanatu, an sa ɗan wani abokinsa a gurbinta, yaron da ubansa ke nan da ransa yana lodin albasa zuwa kudu. Aka dakatar da Tasalla. Magana ta bi gari cewa tana kawo marayun ƙarya tana cin dukiyar marayu. Duk Musulmi ya san nauyin wannan kalma, amma aka ɗora mata ita a kai ana ta taunawa a gidajen biki.

Na yi wa mutanen ƙasar wajen bayanin al'adarmu. Ban ga laifinsu ba, an sha cutarsu a wasu wurare. Suka ce abu mai sauƙi ne: uwar ta fito a waya, ta faɗi sunan yarinyar, ta ce ita ta haife ta, shi ke nan. Na ruga gidan Tasalla da murna, na ce ga mafita, gobe mu tafi ruga. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Naja'atu, matag ga mijinta ya mutu, shanu sun ƙare. Kunyag ga ita kaɗai tar rage mata. In tahi in ce ta tuɓe ta gaban waya don a wanke ni? Ba ni yi."

Na ce to yarinyar fa? Ta ce yarinya ba ta barin karatu. Ta ɗauko ta ta ajiye a ɗakinta, ta rage mata tsofaffin kayan makarantar autarta, kullum ta rako ta har ƙofar makaranta tana wuce masu zunɗenta. Amma mun san wannan ba ya kai ta sakandare ta kwana. Lokacin tafiya na matsowa, ni ina ta ƙorafi, ita ta kafe. Na yi fushi da ita a lokacin, na kuma gaya mata.

Ke ce, Malama, kika yarda a kira ki ɓarauniya don kada wata mace ta sunkuyar da kai a gaban surukarta. Ke ce kika san taimako ba ya halatta a tozarta wanda ake taimaka wa. Uwar marayun Jega, mu da muka yi boko mun koya a wurinki.

A kasuwa Uwani ta ji labari, wurin sayar da nono. Ta zo gidan Tasalla da ƙwaryarta a kai, ta ƙi zama. Tasalla ta gane abin da ya kawo ta, ta ce, "Uwani, koma gida. Kak ki yi."

"Inna Malama, an ce kin ci dukiyam marayu sabadda bakina. Ba ni iya kwana da wanga. Tashi ki kai ni."

Aka aiko aka kira ni, na zo da Raihanatu. A ofishin kwamiti, gaban Alhaji Mas'ud da sauran maza, aka kira baƙuwar nan a waya, fuskarta ta fito. Wannan karon ni na yi fassara. Uwani ta tsaya tana kallon ƙasa. Sai ta ce, "Sunanta Raihanatu. Ni nih haihe ta."

Yarinyar ta waiga a firgice, don tunda take ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba. Ta rushe da kuka. Baƙuwar ma ta yi kuka, ta nemi gafara, ta ce a mayar da yarinya a mayar da Malama. Tasalla kaɗai ce ba ta yi murna ba. Ta cire hijabinta na sama ta lulluɓe Uwani, ta ja ta suka fita. Alhaji kuwa ya ce an samu rashin fahimta ne. Har gobe shi ne shugaba, kuma babu wanda ya je gidan Tasalla ya ce ta yi haƙuri.

To ni na zo in ce mun gode, Malama. Allah Ya ba gwiwoyinki sauƙi, Ya sa abin da kika yi ya tarbe ki ranar da babu tafinta. Ku kuma da sadakar bayin Allah ke bi ta hannunku, ku yi koyi da ita: ku taka da ƙafarku ku je inda yaran suke, ku faɗi abin da aka ce yadda aka nufe shi, kada ku sa talaka ya sayi taimako da mutuncinsa.

Raihanatu tana karatun ungozoma yanzu. Kwanaki na tambaye ta ko uwarta ta sake kiran sunanta tun daga ranar. Ta ce a'a, ta koma ɗiyar Gwaggo kamar da. Sau ɗaya tak Uwani ta faɗi sunan nan a rayuwarta, Malama, kuma don a wanke naki ta faɗe shi.