Na'Allah, Mai Lallashin Sukurun Jirgin Feshi

Da an sallame asuba, Malam Na'Allah na Tambuwal yakan zagaya ƙaramin jirgin feshi yana shafa jikinsa, kamar makiyayin da ke duba saniya. Haka yake yi tun gashinsa na baƙi. A watan nan ya ajiye aikinsa na makaniken jirgin, ni kuwa na kasa yin shiru.

Bube, wani manomin Fakku, shi ya ba ni labarin shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka kan dawarsu tana nuna. Ya hau babur ya je filin da jirgin yake, ya tarar ba zai tashi ba. Ana son buɗe murfin inji a gyara, amma tsatsa ta cinye sukuru ɗaya, ya ƙi motsi. In aka matsa masa kansa ya lalace, sai an huda, gyaran kuma ya kai mako. Jan-baki ba sa jiran mako.

Na'Allah ya ɗiga masa mai, ya koma ya zauna. Can ya tashi ya ɗan ƙwanƙwasa, ya sake zama. Da ya ɗauki sukundireba kuma, sai Bube ya ga ya murɗa wajen ɗaurewa.

"Malam, mi kaka yi? Ɗaure shi kaka ƙara yi, tsuntsaye na cinye muna dawa!"

"Lallashi nai nika yi," in ji Na'Allah. "Sai ya matsa gaba kaɗan kana shi yarda shi komo baya."

Bube ya ce ya ji wata 'yar ƙara, ƙas, sai ga sukuru yana juyawa. Kafin la'asar jirgi na shawagi a kan Fakku.

Malam, kai ne mai sanyin hannu a ranar da kowa ya ruɗe. Mutum na tsaye a kanka yana huci, abincin shekararsa na ƙarewa, amma ba ka bari tausayinsa ya sa ka gaggawa ba.

Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu tasowa a sana'a, ku je ku zauna kusa da shi tun yana da ƙarfin nuna muku. Mutanen Fakku sun yi wa matuƙin jirgi addu'a a shekarar, sun kuwa kyauta. Yau ina roƙon su ƙara da sunan Na'Allah, domin tuwon da 'ya'yansu suka ci, da haƙurinsa aka tuƙa shi.